Tambaya da Amsa: Yara 87 a aji, salula guda a hannun malama

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan watan saƙonnin da suka shigo kusan duk maganarsu guda ce, salula da ordinater da intanet a lakwal, sai ka ce an haɗa baki. Na tsamo biyar daga ciki, wanda bai ga nasa ba ya yi haƙuri yana nan a ajiye. Kamar kullum ba ma sa sunan kowa.

TAMBAYA: Salam Malam, ina wuni ya aiki ya zafi. Ni 'yar kwantiragi ce ina riƙe da CE1 a nan cikin Damagaram wajen Garin Malam, yarana 87 littafin karatu kuma guda 14 ne duka duka wasu ma shafukan sun zube. Duk taron da muka je sai a ce mu yi amfani da fasahar zamani, to ni dan Allah wace fasaha, ajinmu ko wayar wuta babu, abin da gare ni salula ce android ita ma gilashinta ya tsage. Akwai abin da zan iya yi da ita ko dai maganar ta 'yan lakwal ɗin kuɗi ce? Daga wata malama.

AMSA: Wa alaikumus salam Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya biya ki. Na riƙe aji irin naki shekara da shekaru, na san yadda murya take dishewa kafin azahar. Salular nan mai tsagaggen gilashi ta isa ki fara, kuma wallahi ba lallashinki nake ba.

Abu na farko ma ba ya cin mega ko guda. A cikin yara 87 ɗin nan, nawa ne suke karatu da gaske, nawa ne suke bin baki? Kin san yadda abin yake, ki rubuta jimla a tablo ki karanta, aji ya ɗauka da ƙarfi har maƙwabta su ji, ki ce madalla sun iya, alhali yara goma ne na gaba suke ja sauran suna amshi. Wannan ciwon ba na ajinki ba ne ke kaɗai. Binciken PASEC, mai auna ƙoƙarin yaran firamare a ƙasashe masu amfani da Faransanci, na 2014 ya nuna a Nijar ko yaro 1 cikin 10 na ƙarshen firamare bai kai matakin karatun da ake so ba, a na 2019 an matsa zuwa wajen 3 cikin 10. An samu ci gaba, amma ki duba sauran bakwai ɗin, suna zaune a bencin baya suna motsa baki.

To ki buɗe agogon salularki. Kullum lokacin hutun safe ki kira yara 5 ɗaya bayan ɗaya, ki ba yaro takarda mai haruffa a sama, gaɓoɓi a tsakiya, kalmomi da 'yar gajerar jimla a ƙasa, ki ba shi minti guda ya karanta shi kaɗai ba mai raɗa masa. Ki rubuta a kaye inda ya tsaya. Yara 5 a rana, kwana 18 na aiki kin gama da ajin gaba ɗaya, kuma ranar da kika gama za ki ga ashe aji uku ko huɗu ne gare ki a ɗaki guda, akwai waɗanda ko haruffa ba su gama ganewa ba, akwai masu haɗa gaɓa, akwai 'yan kaɗan da suke gudu. Wannan dabarar ta raba yara bisa abin da suka iya ba bisa shekaru ko sunan aji ba, ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ce ta yi suna da ita, kuma ƙasashen Afirka da dama sun ɗauka.

Ki kuma riƙa ɗaukar muryarsu lokacin da suke karantawa. Wannan na gwada da kaina. Akwai wata yarinya da ba ta taɓa ɗaga hannu a aji ba, na ɗauki muryarta farkon shekara tana ta in-ina a kan kalma guda, bayan wata uku na sake ɗauka sannan na kunna mata duka biyun. Da ta ji ta farko sai ta ja hijabi ta rufe fuska, da ta ji ta biyu sai na ga ido guda ya leƙo, ta ce a hankali "Mushe a sake." Sau uku na sake mata. Washegari ita ta fara zuwa bakin tebur tana jiran takarda. Sai dai ki kula, muryar yaro amana ce, tsakaninki da shi ce da iyayensa, ba ta turawa a gurup ba ce.

Na biyu, ki nemi 'yar sifikar nan mai caji da ake sa wa kart memwar, irin wadda tsofaffi suke jin karatun Alƙur'ani da wa'azi da ita, kusan kowane gida akwai, ko aro ne ki fara da shi. Da dare ki ɗauki muryarki kina karanta darasin gobe a hankali, kina tsayawa bayan kowace jimla don a maimaita. Da safe masu ɗan ƙarfin karatu su fita gindin dogon yaro da littattafan nan 14, uku uku ko biyu biyu a kan littafi, sifika tana karantawa suna bi da yatsa, ki sa babba guda a cikinsu ya riƙa tsayarwa yana maidowa baya. Ke kuma kin samu rabin awa da waɗanda suka fi buƙatarki, da ardwaz da alli, harafi harafi. Kin zama malama biyu kenan. In ta bulutut za ki haɗa da salula maimakon kart, ki sa ta yanayin jirgin sama ki kunna bulutut ɗin kaɗai, don kar ana tsakiyar darasi kira ya shigo aji ya watse da dariya.

Maganar ƙarancin littafi kuma, akwai shafin African Storybook na wata ƙungiya mai suna Saide a Afirka ta Kudu, gajerun labaran yara ne masu hoto, kyauta, akwai na Faransanci akwai na Hausa, ana saukewa a ajiye a waya a karanta ba intanet. Hoton ba zai ishi yara 87 a ɗan gilashin salula ba, kar ma ki wahalar da kanki kina zagayawa da ita layi layi, ki kwafe labarin a tablo kawai. Ni ra'ayina ki riƙa fara musu da na Hausa ko da minti goma ne, yaron da ya gane cewa baƙaƙen nan magana ce irin wadda yake yi a gida ya fi saurin kama na Faransanci. Kuma ba baƙon abu ba ne a garin nan, a Zinder aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa tun 1973, ga shi kuma tun Maris 2025 Hausa ce harshen ƙasa a dokance. Ki dai sanar da direktanku abin da kike yi don kar ya leƙo ya ga rabin aji a waje ya zata wasa ne.

TAMBAYA: Malam barka da war haka. Ni ne shugaban COGES, wato kwamitin kula da makaranta, na lakwal ɗin garinmu a yankin Mirriya. Bayan kaka mun yi karo-karo, 'yan garinmu da ke ci-rani ma sun aiko, mun tara jaka 400. Matasa sun ce a sayi tablet a raba wa 'yan CM2, wasu sun ce ordinater guda biyu da majigi. Ba ma son a bar yaranmu a baya. Wace shawara za ka ba mu? Daga wani dattijo.

AMSA: Alhaji ranka ya daɗe, Allah ya saka muku da alheri kai da mutanen garinku, garin da zai tara wa lakwal jaka 400 bayan kaka ba ƙaramin gari ba ne a wurina. Saboda haka zan faɗa maka gaskiya yadda take. Kar ku sayi tablet, kar ku sayi ordinater, ba yanzu ba.

Na taɓa koyarwa a wata makaranta da wata ƙungiya ta kawo mana ordinater sabbi fil, aka yi biki aka yi hotuna aka sha lemo. Ba a bar mana mai gyara ba, ba a koya wa malami ko guda yadda zai haɗa su da darasi ba, wuta kuma ta zo ta tafi. Hunturun farko ƙura ta shige su, zafin Afrilu da Mayu ya ƙarasa saura, da guda biyu suka lalace sai tsoro ya kama mai riƙe da makulli kar a ce shi ya ɓata, ya kulle ɗakin. Ranar da na sake leƙawa bayan shekara biyu, na shafa yatsa a kan gilashin guda sai da ya bar layi kamar an ja a kan rairayi, buhunan siminti kuma an jingine su a jikin teburan. Har yau in na tuna raina yana ɓaci, don kuɗin nan da littafi aka saya da kowane yaro ya samu nasa.

Kuma kar ka ce namu ne kaɗai. Ƙasar Peru ta raba wa 'yan makaranta ƙananan kwamfutoci dubbai ɗari ɗari a ƙarƙashin shirin nan na kowane yaro da kwamfutarsa, da aka zo aka auna a 2012 ba a ga makin lissafi ko na karatu ya ƙaru ba. Yara sun iya danne-danne, wannan kam sun iya, amma darasin bai motsa ba. Mu kanmu mun riga da yawa gwada irin wannan, tun 1964 Nijar ta fara koyar da 'yan firamare ta talabijin, har Turawa suna zuwa kallo, amma abin ya yi tsada bai kai ga yawancin yaran ƙasa ba, ƙarshen shekarun 1970 aka naɗe tabarmarsa gidan ya koma talabijin na ƙasa.

Ga kuma wanda ya yi aiki, kuma a ƙauyukanmu aka yi shi. A 2009 da 2010 an yi wani shiri mai suna ABC a jihohin Dosso da Zinder, na yaƙi da jahilci ne na manya, ƙungiyar agaji ta CRS ta gudanar, wata malamar jami'a daga Amurka mai suna Jenny Aker da abokan aikinta suka bi diddigi. Darasi iri ɗaya aka yi a ko'ina, sai dai a wasu ƙauyukan an ƙara koya wa ɗalibai aiki da ƙaramar salula mai maɓalli, wadda ma ba kowa da tasa ba haɗaka ake yi. Waɗanda aka koya wa salular sun fi sauran maki a rubutu da lissafi. Dalilin a fili yake, mutum ya tashi daga darasi yana da abin da zai yi da harafin da ya koya, zai nemo sunan ɗan'uwansa da ke Kano ko Agadas, zai rubuta saƙo, zai duba lamba. Malami yana nan, darasi yana nan, salula ta zo ta ƙara musu wurin gwadawa.

To da ni ne ku, ga yadda zan kashe kuɗin. Farantin sola da batiri mai kyau da ƙwan fitila a aji guda na gini, don 'yan CM2 su samu awa guda na bita bayan magariba kuma malamai su daina aika salularsu kasuwa caji. 'Yan sifikoki biyu ko uku irin wadda na gaya wa malama a sama. Akwatin ƙarfe mai kwaɗo. Abin da ya rage ku kai shi gari a buga muku takardun karatu da na lissafi da yawa, a sa musu leda, kowane yaro ya riƙe tasa a hannu. Ku ware wani abu ku ajiye na gyara, don batiri yana mutuwa ko an so ko ba a so, kuma tun kafin a sayo ku zauna ku ambaci sunan wanda zai riƙa goge ƙurar farantin da wanda zai riƙe makulli, a gaban jama'a. Farashi ku aika mutum biyu kasuwar Dole su taya a shago uku kafin a biya, kar a sayi kifi a ruwa.

Majigi kuwa yana son duhu, ajinmu kuma rana ce take shigowa ta ko'ina, ƙaramin mai araha da rana tsaka ba abin da za a gani sai inuwa inuwa. Ku bar shi sai gaba.

Abu guda da nake roƙonku don girman Allah, batiri da wayoyin wuta kar su kusanci ajin zana. Ba mu manta da 2021 ba, gobarar Yamai a watan Afrilu da ta Maradi a watan Nuwamba, kowace ta ci ƙananan yara ashirin ko fiye a azuzuwan zana. Irin wannan ajin tartsatsi guda ya ishe shi.

TAMBAYA: Malam ɗana yana turwaziyem bana zai yi BEPC. Yayansa ya ba shi salula, yanzu duk aikin gida da aka ba su sai ya tambayi wani abu wai shi ChatGPT ya ba shi amsa ya kwafe cikin minti biyar ya fice fada. Makin aikin gida ya hau amma na jarrabawar aji yana ƙasa. Ni ban yi boko ba. In ƙwace wayar ne? Daga wani uba a Birni.

AMSA: Ɗan'uwa, ai ka riga ka gano ciwon da kanka tunda ka lura makin gida yana sama na aji yana ƙasa, malamai da yawa ma ba su kai nan ba.

Shi wannan abin ƙarshen 2022 ya fito. An ɗura masa rubuce-rubucen mutane masu ɗimbin yawa, sai ya koyi wace kalma ce ta saba bin wace, shi ya sa maganarsa take fita sumul kamar ta wanda ya sani. Sau da yawa yana faɗar daidai, wani lokaci kuma ya shirga kuskure da irin wannan muryar ta tabbaci ba ko gezau, kuma ya fi yin tuntuɓe a kan abin da ba a rubuta da yawa ba, irin tarihinmu da harshenmu. Kai da kake Birni ga gwaji a ƙofar gidanka. Ka sa yaron ya tambaye shi tarihin Sarki Tanimun da ganuwar da ya kewaye gari da ita, ko na Amadu Kuran Daga da shigowar Faransawa a 1899, ko dalilin da ya sa aka ɗauke babban birnin ƙasa daga Zinder zuwa Yamai a 1926, sannan ya ɗauki amsar ya kai wa malamin tarihinsu da dattawan unguwa a tankaɗe a rairaye. In ya kama shi da kuskure sau ɗaya da hannunsa, zai daina ɗaukar maganarsa kamar yankan wuƙa.

Ƙwacewa gaba ɗaya ban goyi baya ba, zai je fada ya ari ta abokinsa, ka rasa wayar ka rasa sanin abin da yake yi. Ka yi masa irin ta makarantar allo. Kai ka san ba a cewa yaro ya haddace sai an kifa allon ya kawo da ka. To in ya ce ya gama aiki, ka karɓi salular ka kifa ta a kan tabarma, ka ce ya buɗe kaye ya bayyana maka da Hausa abin da aka tambaya da yadda ya bi ya samu amsar. Ba sai ka san Faransanci ba, wanda ya gane abu da wanda yake kame-kame ko a fuska ana rabe su. In ya kasa, ya koma ya sake. Ka ce masa ƙa'idar gidan ita ce ya fara yi da kansa a kaye tukuna, in ya maƙale sannan ya tambayi na'urar ina kuskuren yake, ba ta yi masa aikin ba. Da dare kuma salula a ɗakinka za ta kwana. Ka tuna masa ranar BEPC daga shi sai bik, ba a shiga ɗakin jarrabawa da waya, wanda aka kama da ita ma ya jawo wa kansa.

Malamai kuma da ke karanta wannan, aikin gida na "kwafo mini ma'anar kaza" zamaninsa ya wuce. Ku riƙa ɗaukar yara uku ko huɗu ba zato su fito tablo su yi bayanin abin da suka rubuto.

TAMBAYA: Ina wuni Baba. Ina tarminal D, fizik da shimi a allo kawai muke ganinsu ba mu taɓa taɓa kayan gwaji ba. In na shiga YouTube mega ta ƙare kafin bidiyo ya kai rabi, kuma wayar ma ta mamata ce. Daga wata ɗaliba a Sabon Gari.

AMSA: Lafiya lau 'yata, Allah ya ba da sa'ar BAC. Ki daina kallon bidiyo kai tsaye, shi yake shanye megar. Ki nemi abin da ake saukewa sau ɗaya ya zauna.

Ki nemo PhET, na jami'ar Colorado ne a Amurka, wani masanin fizik mai lambar Nobel, Carl Wieman, ya kafa shi a 2002. Gwaje-gwaje ne da kike taɓawa da yatsa, ki haɗa batiri da waya da ƙwan fitila ki ga yadda wuta take bi, ki ƙara tsawon igiyar lilo ki ga abin da zai canza, ki zuba asid ki ga pH yana sauka. A shafinsu kyauta ne, akwai Faransanci, kuma ana iya sauke kowane gwaji shi kaɗai ya yi aiki ba intanet. GeoGebra kuma na lissafi ne, ki rubuta masa fonksiyon ya zana miki ita nan take. Akwai Kiwix mai ajiye Wikipedia a cikin waya, akwai darussan Khan Academy da aka mayar Faransanci. Ku haɗu ku biyar ko shida a ajinku, kowa ta kawo ɗan abin da take da shi a sayi forfe guda, ɗaya ta sauke sauran su karɓa ta Xender.

Amma ga sharaɗi. Kafin ki danna komai ki rubuta a kaye abin da kike zaton zai faru da dalilinki, sannan ki danna. In ya saɓa, to nan ne karatun yake, ki kai wa malaminku gobe. In ba haka ba wasa kawai kike da launuka. Tsofaffin jarrabawowin BAC kuma ki yi su da bik da agogo kamar ranar ce.

Ki gaida mamarki da kyau. Sau nawa nake ganin gida an saya wa namiji waya ita macen an ce za ta lalace, alhali ita ce mai zama ta yi karatun. Iyaye, in tsoro kuke ji ku yi yadda wannan baiwar Allah ta yi, ku ara mata taku a tsakar gida inda kuke ganinta.

TAMBAYA: Ni direkta ne a wata firamare. In na zaga sai in tarar an cika wa yara tablo da kwafi malami yana zaune yana WhatsApp. Ina son in hana shiga aji da salula kwata-kwata, amma ga shi ana ta cewa a yi aiki da ita. Ya zan yi?

AMSA: Mushe direkta, wannan ba ya buƙatar dogon zance. Ku yi yarjejeniya a taron malamai, salula tana fitowa a aji ne kawai in an rubuta a takardar shirin darasi abin da za a yi da ita da minti nawa, in ba a rubuta ba tana cikin jaka. Kai ma ka bi dokar, in kana amsa waya a bakin aji ba wanda zai ji maganarka.

Sannan ka juya WhatsApp ɗin ya yi maka aiki. Ku buɗe gurup na malamai zalla, ba gaisuwar Juma'a ba tallar atamfa, wanda darasi ya yi masa kyau ya ɗauki hoton tablonsa ya tura, wanda ya maƙale ya yi tambaya, kafin ranar CAPED, wato taron ƙara wa juna sani na malamai, ta zo kun riga kun san abin da za ku tattauna. Sabon malamin da aka jefa ƙauye shi kaɗai ya fi kowa buƙatar wannan, ku sa shi ciki ko ba lakwal ɗinku yake ba.

Wajen iyaye kuma ku yi da murya da Hausa, don da yawa ba sa karanta rubutu, mun ga haka a 2020 da aka rufe makarantu daga Maris zuwa farkon Yuni saboda korona, takarda da dogon rubutu ba su kai ko'ina ba. Saƙo gajere ranar Alhamis ya isa, wannan satin mun koyi harafi kaza da kaza, a sa yaro ya nuna muku su a jikin kwalin shayi ko buhun shinkafa. Makin yaro da laifinsa kar su shiga gurup, a kira uban ko uwar su kaɗai. Bidiyon yaro yana kuka ko yana kasa karatu kar a ɗauka sam, wanda ya ɗauka ka kira shi ofis ranar. Malami namiji kuma ba ya karɓar lambar ɗaliba, duk saƙo ta wayar iyaye zai bi. Gidajen da ba su da babbar waya ka sa COGES ta fitar da mutum guda a kowace unguwa da zai riƙa kunna musu saƙon, mata a gidan da suke taruwa, maza a ƙofar masallaci bayan la'asar.